Haƙurinmu ne ya riƙe mu a ambaliyar Maiduguri, ko shi ne ya rufe mana baki?

Ɗan Gwange: Assalamu alaikum. Zan faɗi wata magana da na san za ta yi wa wasu ɗaci: haƙurin nan da muke alfahari da shi, shi ne yake cutar da mu. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange, Kasuwar Monday, fadar Shehu da asibitin koyarwa. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni sama da 270 suka tsere, kadoji da macizai na gidan zu suka fantsama cikin unguwanni. Kuma ba yau aka fara ba, a 1994 wannan madatsar ta yi mana irin wannan ɓarna. Amma duk inda ka je jaje sai ka ji "daga Allah ne, sai haƙuri", a shafa fatiha a watse. Al'ummar da ta iya haƙuri haka, wa zai ji tsoron yi mata sakaci?

Hajiyar Kasuwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi a hankali. Ni shagona ruwa ya ci, atamfa da shadda duk suka zama laka, kuma rabin kayan bashi ne. Da ba don na san Wanda ya bayar shi ne ya karɓa ba, da yanzu ina kwance da hawan jini. Wannan "sai haƙurin" da kake rainawa shi ya tashe ni na koma kasuwa. Mutumin da ya rasa ɗansa a ruwa, me kake so a ce masa a wurin zaman makoki? A karanta masa rahoton injiniyoyi?

Ɗan Gwange: Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Ban ce kada a yi wa mai makoki ta'aziyya ba. Bayan sadakar bakwai fa? Bayan arba'in?

Malam na Zaure: Ku duka biyun kuna riƙe da gaskiya, sai dai ɗan'uwa ka ɗora wa addini laifin da ba nasa ba. A shekara ta 18 bayan hijira fari ya afka wa Madina, shekarar da ake kira Amur Ramada. Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Manzon Allah (SAW) ya yi addu'a. Amma kuma ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, aka kafa tukwane ana ciyar da jama'a, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har talakawa su samu. Da annoba ta ɓarke a Sham ya juya da tawagarsa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah ne zuwa ƙaddarar Allah. Kuma aya ta 41 ta Suratur Rum ƙarara ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata. Saboda haka wanda ya yi imani da ƙaddara ba a hana shi tambayar wanda aka ba amana ba. Haƙurin da Hajiya take faɗa ibada ne. Shirun da kake kuka da shi tsoro ne da mutuwar zuciya.

Malamar Asibiti: Malam, ni Kirista ce, kuma maganarka ta shige ni. Na yi aiki a ɗaya daga cikin makarantun da aka tsugunar da mutane. A kwanakin farko babu wanda ya tambayi wani addininsa. Samarin da suka shiga ruwa da kwalekwale ba su duba sunan wanda suke cirowa ba. Mata suna dafa abinci a gidajensu suna kawowa a kula, a ci tare a kan tabarma ɗaya. Garin da ya sha wuyar Boko Haram shekara da shekaru, wallahi na yi kuka da na ga haka. Abin da yake damuna shi ne da ruwa ya janye aka fara rabon tallafi, sai kowa ya koma neman nasa: wane ɗan unguwarmu ne, wane ɗan cocinmu, wane ɗan masallacinmu. Me ya sa haɗin kanmu ba ya wuce kwanakin musiba?

Manomin Maraɗi: Ku ba ni dama daga ƙetaren iyaka. Mu ma daminar 2024 ta taɓa mu, mutum sama da 300 suka rasu a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Amma tambayar Malama ce nake so in taɓa, don mu mun ga haɗin kan da ya daɗe.

Bayan yunwar 1984 ƙasarmu ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi, sai ka yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Al'adarmu a lokacin, manomin kirki shi ne wanda ya sassabe gonarsa tas. Wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ne, ya nuna cewa kututtukan da muke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙasa: ka zaɓi tofo mai ƙarfi ka bari, ka datse sauran. Shi ne sassabin zamani. Da farko dariya aka yi wa masu yi. Yau ana ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya.

Abin da ya sa ya ɗore shi ne wannan: mutum ɗaya ba ya iya tsare itacensa, da dare za a sare. Sai da ƙauyuka irin Ɗan Saga a yankin Agye na jihar Maraɗi suka kafa kwamiti, da mata a ciki da Fulani makiyaya, aka sa doka aka sa tara. Kirista ne ya kawo dabarar, Musulmi suka riƙe ta, kuma ba mu fasa fita roƙon ruwa ba in damina ta yi jinkiri. Aiki ne na kullum ya haɗa mu, shi ya sa ba mu watse ba.

Ɗan Gwange: Baba, na yaba, amma kututture yana cikin gonarka, da addarka za ka gyara shi. Madatsar ruwa ba ta gyaruwa da gayya. Kuma tun ba a gama jimamin Maiduguri ba, a watan Mayun 2025 ruwa ya kwashe mutum sama da 150 a Mokwa. Malam, malamai nawa ne suka hau mumbari suka yi wa masu mulki irin maganar da ka yi mana yanzu?

Malam na Zaure: Kaɗan ne, kuma wannan abin kunya ne a gare mu. Sai dai huɗubar in za a yi ta, ta haɗa da mu: masu zuba shara a kwalbati, da masu gini a kan hanyar ruwa.

Hajiyar Kasuwa: A nan kam ban bi ka ba, Malam. Talakan da ya yi ɗaki a bakin Ngadda ba don sha'awar kallon kogi ya yi ba. Da yawansu rikici ne ya koro su daga ƙauyukansu, filin da kuɗinsu ya kai ke nan. Wa ya yanka filin ya sayar musu? A fara da shi.

Malamar Asibiti: Gwamnatin tarayya ta ce ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau. Ɗan Gwange, kai da ka fi mu zafi, ka samo limamin unguwarku, ni zan yi wa fastonmu magana, Hajiya ta kawo mutum biyu daga ƙungiyar 'yan kasuwa. Mu rubuta takarda ɗaya mu sa hannu, mu nemi a nuna mana inda aikin ya kai kafin damina ta sauka.

Ɗan Gwange: In limamin ya yarda. Zan same shi bayan la'asar.