Fankokin akwatin kwamfuta: a buɗe gefe, ko a rufe a sa raga?

Auwalu: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina, lissafin fanka nawa a gaba, nawa a baya, na mutanen ƙasashen sanyi ne. A Kano idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, ka cire murfin gefe kawai ka kunna fankar tsaye ta riƙa hura ciki. Ƙura kuwa, ko ka rufe ko ka buɗe sai ta shiga. To don me za ka shaƙe na'urarka?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Auwalu ƙanena, ƙura za ta shiga, ban musa ba. Amma ta ina, kuma nawa? Idan akwati yana rufe, kuma fankokin da ke shigo da iska sun fi masu fitarwa ƙarfi, iskar takan yi yawa a ciki, sai ta riƙa tsiyayewa waje ta kowace kafa. Ƙura ba ta shiga ta inda iska ke fitowa, dole ta bi ƙofar gaba, inda ka sa raga. In kuwa masu fitarwa ne suka rinjaya, akwatin zai riƙa tsotso ta duk ramin da ya samu, har ramukan USB. Ni abin da nake ɗaura wa mutane: biyu ko uku masu milimita 120 ko 140 a gaba, ɗaya a baya.

Zainab: Malam, a gafarce ni, akwai gyara. Ragar nan zare da gashi da ƙurar ɗaki take tarewa. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, laushi gare ta kamar hoda, yawancinta wucewa take yi ta idon raga. Sannan ragar da kanta tana rage iskar da ke shiga, balle idan ta toshe. Kana iya samun fanka uku a bayan raga da ba su kai ƙarfin biyu masu fitarwa ba. Ƙirga fanka yaudara ce.

Malam Sani: Wannan ta biyun na karɓa, Malama Zainab. Shi ya sa ba na tsayawa kan ƙirga. Kunna turaren tsinke ka kai shi kusa da ramukan baya, wajen katin hoto, wato abin da ke sarrafa hoton da kake gani a allo. Hayaƙi ya yo waje, ka dace. Ya shige ciki, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa yayin kunna kwamfuta, ka rage gudun masu fitarwa. Ta farkon kuwa ban yarda ba: cire raga bayan mako biyu na hazo ki ga abin da ta riƙe. Da ba ta nan, duk wannan a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, zai kwanta.

Ibrahim: Ni ina tare da Auwalu ta wani ɓangare. Zafi sama yake tashi, don haka na cika saman akwatina da fanka uku masu fitarwa.

Zainab: Ibrahim, tashin da iska mai zafi ke yi da kanta ba shi da wani ƙarfi idan fanka na juyawa. Kuma ta saman da ke can gaba ɓarna take yi maka: iskar da ta shigo yanzu take janyewa waje kafin ta isa firosesa. Cire ta, ka bar wadda ke can baya.

Auwalu: Duk na ji. Amma ni da idona na ga zafin ya sauka da na buɗe gefe. Wannan fa?

Malam Sani: Na yarda ya sauka. Gaban akwatinka gilashi ne ko raga?

Auwalu: Gilashi ne, da 'yan ramuka a gefe.

Malam Sani: To ga matsalar nan. Fankokinka ba su da inda za su sha iska. Ka kuma duba ko ba a ɗaura wata a juye ba. Ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe motar, ta nan iska ke fita, wasu ma akwai kibiya a jikinsu.

Alhaji Bala: Yarana, ku ɗauke akwatin daga ƙasa ku ɗora kan tebur, musamman mai kafet. Lokacin hunturu a fita da shi waje a hure da bulowa, amma a riƙe fukafukan fanka da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. Buɗe gefe kuwa, mai yara ko kyanwa a gida kada ma ya fara.

Auwalu: Alhaji, na ji batun tebur. Amma murfin nan ba zan mayar ba sai na ga lamba. Zan cire gilashin gaba, in rufe gefe, in gwada.

Zainab: Ka gwada da wasan kwamfuta guda ɗaya, a lokaci ɗaya na rana, ka rubuta zafin firosesa da na katin hoto duka. Ka turo mana nan.