Jirgin ƙasa ko mota: nawa kuke kashewa tsakanin Kaduna da Abuja?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Don Allah kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa, banda ji-ta-ji-ta. Satin da ya wuce na bi jirgi daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa tashar Idu ta Abuja, tikitin dai kuɗinsa a rubuce yake a waya babu ciniki babu gardama, amma da na zauna na haɗa kuɗin keke napep daga Tudun Wada zuwa Rigasa da na motar da ta fitar da ni daga Idu zuwa Wuse sai na ga sun kusa kamo kuɗin tikitin kansa. Ashe farashin da ake nuna mana rabin labari ne.

Maman Ummi: Wa'alaikumus salam. Ni kam mota nake bi daga Kawo saboda atamfofi nake kaiwa. Matsalata ɗaya, kuɗin mota a bakin ɗan kamasho yake, na Talata daban na Juma'a da yamma daban, in Sallah ta matso kuwa sai addu'a. Rannan buhuna guda aka caje ni kusan kuɗin mutum, na ce a nuna min inda aka rubuta, yaron ya ce Hajiya in ba ki shiga ba wani zai shiga. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 ko me ka tambaya amsar ɗaya ce, mai ya yi tsada.

Direban Sharon: Hajiya ki yi haƙuri amma mu ma a saurare mu. Kafin in tayar da mota na biya kuɗin lodi, na sallami ɗan kamasho, na yanki tikiti, a hanya ga masu shinge kowa na jiran na goro, ga taya ga mai ga balas ɗin mai mota da dare, kuma in na dawo da kujeru uku babu kowa asarar a wuyana take. Shi jirgin da aka buɗe a 2016 bashin dala miliyan 500 aka ciyo daga China aka shimfiɗa masa layi, kuma da kuɗin ƙasa ake biya, har da nawa. Ni wa ya taɓa ciyo min bashi?

Malam Injiniya: Direba maganarka gaskiya ce, sai dai titin da kake hawa ma ai gwamnati ce ta yi shi, kuma tun zamanin Obasanjo aka rushe tolget, tirela mai ɗauke da siminti ta farfasa kwalta ta wuce ba ta biya ko sisi a wurin ba. Kowanne ɓangare akwai hannun gwamnati a ciki. Abin da ke ci min rai shi ne a fito a faɗa mana da Hausa a rediyo, nawa ake kashewa a kai fasinja ɗaya kilomita 186 a jirgi, nawa ya biya, nawa aka cika masa.

Yaya Larai: Ku tuna lokacin da masu garkuwa suka addabi titin, manya duk suka dawo jirgi, na taɓa yin sammako na tarar wai tikiti ya ƙare amma ga wasu samari a waje suna sayarwa ninki biyu. Tikitin intanet na 2021 ya ɗan rage abin. Bayan harin da aka kai wa jirgin a 28 ga Maris 2022 kuma ya tsaya har 5 ga Disamba, wata takwas ina bin mota gabana na faɗuwa daga Rijana har Katari.

Ɗan Sakkwato: Ni maganata daban ce. A Disambar 2023 an ce jirgi kyauta ne na kwanakin biki, na ji daɗi don 'yan uwana na Kaduna, amma mu Sakkwato ko layin dogo ba mu da shi. Mahaifiyata na kai asibiti Zariya a satin, kujera biyu na kama mata a gaba saboda ƙafarta, na biya kuɗina cif.