Gwajin manhaja ya wuce da Turanci, ya faɗi da Faransanci: yaya kuka yi?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Gwaje-gwajenmu na Selenium (kayan aikin da ke gwada shafin yanar gizo da kansa a burauza) suna wucewa lami lafiya, sai da aka ƙara wa manhajar Faransanci da Larabci, fiye da rabi suka zube. Laifin namu ne, domin da rubutun da ke kan maɓalli muke nemo shi, da an sauya harshe kuwa rubutun ya tafi. Waɗanda suka riga mu shiga wannan rami, ta ina kuka fita?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mu ma da haka muka fara. Mun bi duk abin da gwaji ke taɓawa muka saka masa data-testid, suna ne da mai amfani ba ya gani, mai fassara kuma ba ya taɓawa. A Android akwai resource-id, a iOS akwai accessibilityIdentifier. Aikin ya ci mu sati biyu, da gajiyarwa ba kaɗan ba, amma tun daga nan sauya fassara bai ƙara karya mana gwaji ba.

Mai Fassara: Malam, da gyara a maganarka. Bayan mun yi haka, komai ya koma kore, wato duk gwaje-gwajen sun wuce, muka saki jiki. Ashe shafin biyan kuɗi na Faransanci ya fita da layi uku cikin Turanci, gwaji bai ce uffan ba, don ba ya duba rubutu kwata-kwata. Yanzu da data-testid ɗin muke nemo maɓallin, sannan mu kwatanta rubutunsa da abin da ke fayil ɗin fassara na harshen. Sai dai idan fassarar da ke fayil ɗin ce gurguwa, duka biyun za su yi daidai a kan kuskure. Wannan kam sai idon mutum.

Ɗan Lissafi: Ni lambobi ne suka hana ni barci. 03/04/2024 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu. Jamus na rubuta 1.234,56 inda Amurka ke rubuta 1,234.56. Duk wannan da sauƙi. Wanda ya kusa zautar da ni na Faransa ne: gwaji ya ce yana jiran "1 234", ya samu "1 234", kuma wai ba su yi daidai ba! Na wuni ina zura wa allo ido. Ashe tazarar da ke tsakani ba ta allon bugu ba ce, wata siririya ce mai lamba U+202F. Ita ce dai ta shiga gaban AM da PM na Turancin Amurka da ICU 72 (kayan aikin da manhajoji ke tsara lokaci da lambobi da shi) ya fito a 2022, ta karya gwajin mutanen da ba su taɓa ƙara wani harshe ba. Yanzu ba na rubuta abin da nake jira da hannu, Intl.NumberFormat, mai tsara lambobi na JavaScript, nake bari ya fitar min da shi.

Tsohon Hannu: Kar kuma a manta harshen na'urar da gwajin ke gudana a kanta. Namu yana wucewa a kwamfutata, ya faɗi a sabar (babbar kwamfutar da ke gudanar mana da gwajin), don kowacce da nata saitin. A Playwright, wani kayan gwaji irin Selenium, ka ƙayyade locale (harshe da yanki) da timezoneId (yankin lokaci) tun wajen buɗe burauza. A XCUITest, kayan gwajin manhajar iOS, ana tura -AppleLanguages da -AppleLocale lokacin tayar da manhajar.

Hajiyar Waya: Na Larabci kuwa, ɗana, ka shirya. Shafin gaba ɗaya yana juyawa. Gwajinmu na Appium, kayan gwajin manhajar waya, yana jan yatsa daga dama zuwa hagu don zuwa hoto na gaba, a Larabci sai ya tsaya cak a na farko. Jam'in Larabci ma siga shida gare shi a CLDR (kundin ƙa'idojin harsuna na Unicode), Turanci biyu kacal, don haka gwada "saƙo 1" da "saƙonni 5" bai isa ba, sai ka haɗa da 0, 2, 11 da 100. Kafin fassara ta iso, kunna harsunan bogi na Android: en-XA yana tsawaita rubutu ka ga inda zai fashe daga akwati, ar-XB yana juya shi.

Ɗan Lissafi: Ku ƙara da Turkanci. A Java, toLowerCase(), mai mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, na mayar da I zuwa ı marar ɗigo idan na'urar tana kan harshen, sai kwatancen ya wargaje. Locale.ROOT, saitin da bai danganta da kowane harshe ba, ne maganinsa.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Amma harshe goma muke shirin kaiwa, idan kowane gwaji zai gudana sau goma ai sai mu kwana muna jira.

Mai Fassara: Mu duka gwaje-gwajen a harshe ɗaya muke gudanarwa kullum. Shiga, rajista da biyan kuɗi kaɗai ke bin Jamusanci don tsawon kalmominsa, da Larabci, da Turkanci. Sauran harsunan cikin dare sabar ke bin su, da safe mu duba hotunan allon da ta ajiye.