An ɗauke ni sansanin horon 'yan mishan, amma Mama ba ta sani ba tukuna

Ɗan Zonkwa: Salama 'yan'uwa cikin Kristi. Ku yi haƙuri da tsawon rubutuna, barci ya ƙaurace mini. Ni malamin firamare ne a wata makarantar kuɗi, ni ne babba a ɗakinmu. Tun ina zumuntar matasa nake jin wannan kira. A wani taron bishara mai wa'azi ya ba da labarin 'yan mishan Gowans da Kent da Bingham da suka sauka Legas a 1893, biyu suka rasu a 1894, sai ya tambaya wa zai tafi. Na fito gaba ina kuka har rigata ta jiƙe. Daga baya na yi mafarki ina tsaye bakin wani kogi, mutane a hayin suna kirana da yaren da ban sani ba. Na gaya wa abokina, ya ce tuwon dare ne ya yi mini nauyi, muka daina magana har Kirsimeti.

To yanzu an ɗauke ni wani sansanin horo a Filato, wata tara, daga nan a tura mu Chadi. An ce in zo da ƙaramar katifa, fartanya, bokiti, tocila, fasfo da katin rigakafin cutar shawara. Ana karɓe waya, sai Lahadi da yamma ake ba ka. Kuma dole in kawo sunayen waɗanda za su riƙa tallafa mini duk wata, har yanzu mutum uku na samu. Mama tana da hawan jini, ni nake sayen maganinta. Yaya zan gaya mata? Ina kuma zan samo masu tallafi?

Baba Mai Bishara: Ɗana, tattara kayanka ka tafi. Luka 9:62, wanda ya sa hannu ga garma yana waiwaye bai cancanci mulkin Allah ba. EMS, ƙungiyar mishan ta ikilisiyar ECWA, ta fara a 1948, waɗanda aka fara aikawa manoma ne, wasu Littafi Mai Tsarki na Hausa kaɗai suka iya karantawa. Wa ya tara musu sunaye? Mu da muka yi aikin ƙauye, a ƙafa muke zuwa, gero muke nomawa mu ci. Fartanyar da aka ce ka kawo, ita ce mai tallafinka na huɗu.

Maman Biyu: Baba, da girmamawa, Luka ɗin nan yana da sura 14 ma, aya 28, a zauna a yi lissafi kafin a fara gini. Ni ɗiyar mai bishara ce. Na san abin da ake nufi da "Ubangiji zai tanada" idan kuɗin wata bai zo ba. An kore ni daga makaranta saboda kuɗin jarabawa, mahaifiyarmu tana soya ƙosai a bakin hanya, ranar Lahadi kuma a kira sunan babanmu a tafa. Da ya rasu, buhun masara ɗaya aka kawo mana, shi ke nan. Har yau ba wanda ya leƙo mahaifiyarmu. Ƙanena, wa zai sayi maganin Mama? Ba ka faɗa ba.

Ɗan Zonkwa: Anti, ƙanwata ta kusa gama makarantar koyon jinya. Ai ba ni kaɗai aka haifa ba.

Maman Biyu: Ta kusa, ko ta gama? Ta san ka ɗora mata?

Baba Mai Bishara: Wannan tunani ne ya kashe zafin bishara a ikilisiyoyinmu. Kowa lissafi, kowa lissafi.

Na Maraɗi: Ɗan'uwa, ni wata tambaya ce da ni. Kana jin Faransanci? A Anjamena za ka samu Hausawa, amma kasuwa da unguwa Larabcin Chadi ake yi, ofis kuma Faransanci. Idan gabas za a kai ka, wajen Abeche, can ma akwai 'yan gudun hijirar Sudan da suka kwararo tun 2023, Hausarka ba za ta sayo maka ko ruwa ba. Sefarsu ma ba irin tamu ta Nijar ba ce. Kuma duk wanda ya yi maka alkawari da naira, ka tuna yadda ta faɗi a 2023, abin da zai iso hannunka ka raba. Ka tambayi masu sansanin tun yanzu ko suna koyar da yare, da kuma wa zai ɗauki nauyinka in ka kwanta ciwo. Mu nan ba mu manta Janairun 2015 ba, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Aikin nan yana son shiri.

Ɗan Zonkwa: Na gode. Ina koyon Faransanci a waya, na iya gaisuwa da ƙirga. Sun ce yare a can ake koya a bakin mutane.

Dattijon Kagoro: Fastonka fa? Majalisar dattawa ta sani? Ikilisiya ce ke aikawa, Ayyukan Manzanni 13, sai da aka ɗora wa Bulus da Barnaba hannu. Ko da yake in irin tamu ce kada ka sa rai. An tara kuɗin tayil da janareta cikin wata guda, ranar baikon mishan kuwa kwanon ko rabi bai kai ba. Na yi magana a taro, tun daga nan aka daina sa ni addu'ar buɗewa.

Ɗan Zonkwa: Baba, fasto ya ce in dakata shekara ɗaya. Amma shi bai ji abin da na ji ba. Na riga na miƙa takardar barin aiki, na sayar da babur na biya fasfo da kuɗin sansani.

Maman Biyu: Innalillahi... yi haƙuri, bakina ya saba da maƙwabta. Ka bar aiki, uwarka ba ta sani ba? To wace shawara kake nema a wurinmu? Karanta 1 Timoti 5:8 kafin ka kwanta.

Baba Mai Bishara: Ya yi daidai. Bitrus bai nemi izinin kowa ba da ya bar taru. Ɗana, gaya wa Mama ranar da za ka tashi, kuka za ta yi ta kuma sa maka albarka. Sa ni cikin masu yi maka addu'a.

Na Maraɗi: Baba, sunayen masu kuɗi aka ce ya kawo fa. Kuma mai hawan jini ba a yi mata labari a bakin mota.

Wata Baiwar Allah: Ba kai ne na ga kun je gaisuwar iyaye a Ista ba? Ita yarinyar ta yarda da Chadi?

Ɗan Zonkwa: Wannan maganar daban ce, ba ita na kawo ba. Na ga wasunku sun ɗauka ban yi addu'a ba. Na yi azumi a kan abin nan. Abin da na tambaya yadda zan samu masu tallafi ne, har yanzu ba wanda ya amsa. Litinin mai zuwa ake rufe karɓar sunaye.

Dattijon Kagoro: Gwada zumuntar mata. Su ne kaɗai ke cika alkawari. Amma fa shugabarsu za ta fara tambayar mahaifiyarka.