Bebin ɗiyata ta ɓata, bazde saura kwana 9, dubu 20 ke hannuna

Maman Nana (Mabera): Assalamu alaikum iyaye. Don Allah wadda ta taɓa shiga irin wannan ta taimaka min da shawara. Ɗiyata za ta cika shekara 3 ran Asabar ta sama. Tana da wata 'yar tsana ta tsumma, ja da fari, kunne ɗaya ma ya cire, Bebi take ce mata, ƙanwata ce ta saya mata a gwanjo lokacin da na kai ta yaye gidan Inna a Gwadabawa, tun daga nan ba ta barci sai da ita a hammata. Ran Lahadi mun dawo daga barka a Runjin Sambo muka manta ta a keke napep, ga goyo ga kaya ban ko kalli fuskar mai keken ba balle lamba. Yau kwana 4 ba mu runtsa ba, sai ƙarfe biyun dare ta farka tana Bebi Bebi har jaririn ma ya tashi su haɗu.

Babanta ya ba ni dubu 20 ya ce iyakar ƙarfinsa ke nan. To a makarantarsu duk yaron da ya yi bazde ana kai ledar rabo, ajinsu su 26 ne, kuma ta ci na mutane sosai. In yi ledar ne ko in nemo wata bebin in haƙura da rabon? Kuma in na sayo wata za ta karɓa? Ba fati nake tambaya ba don Allah, ba ni da kuɗinsa.

Ummu Hanifa: Masha Allah Allah ya raya. Ki yi min magana ta ciki, ina yin kwalliyar wuri da balan-balan da kek hawa biyu da mai hoto, duka dubu 85, amma ke zan yi miki ragi.

Maman 'Yan Biyu: Dubu 20 tac ce baiwar Allah. Ko karantawa ba ku yi sai talla.

Baban Sadik: Ki ƙyale ta kawai, yaro sati ɗaya ya manta. Ku mata ku ke ɗaukar ƙaramin abu ku mai da shi babba.

Maman 'Yan Biyu: Baban Sadik in yaro na kuka da dare kai ka tashi ko Maman Sadik? Hwaɗi gaskiya.

Hajiya Babba (Kanwuri): Ɗiyata sannu. Mu da munka tashi ba mu san bebin kanti ba, kara muka samu mu ɗaura mai tsumma mu goya, wasu ƙashi suka yi da shi, in ta ɓace ka koma bayan gida ka karyo wani karan. Amma abin da ka damun yarinyar ga ba bebin ta ba, warin ta na. Ki ɗauko tsohon ɗankwalinki wanda ba ki wanke ba ki ba ta ta riƙa in za ta kwana. Haka niy yi ma jikana da anka yaye shi.

Maman Walid (Arkilla): Maman Nana in kina jin maganata ko sisi kar ki kashe a kan wani bazde, ni ce shaida, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Bara cikin Afrilu Walid ya cika shekara 2, na ga ƙawayena suna ta ɗora hotuna a Facebook ni ma na ce ɗana ba zai zama saniyar ware ba. Na kwashi adashena dubu 70 wanda na yi niyyar cika kuɗin keken ɗinki da shi. Na ba wata mata aikin kek, ba zan faɗi sunanta ba ta san kanta, ta kawo tun ƙarfe 10 na safe alhali la'asar muka yi da ita, kuma kun san zafin Sakkwato a Afrilu ba sai an ba ku labari ba, wuta ba ta zo ba tun daren jiya, firij ya zama kabad. Kafin azahar motar da ta zana a kan kek ɗin ta narke ta gangaro, sunan yaron ma sai W kaɗai ya rage. Na kira ta ta ce wai ni ce ban iya ajiya ba.

Yara 20 na gayyata. Wallahi tallahi sai da na daina ƙirgawa a 60, kowace yarinya ta zo da ƙannenta biyu da goyo, almajiran layinmu suka ji kiɗa su ma suka shigo kuma wa zai kore su. Shinkafa tiya 3 na dafa, kafin dangin babansa su iso daga Gidan Igwai tukunya ta koma ƙanzo. Uwar mijina ta zauna a tabarma aka rasa abin da za a ba ta sai zoɓo mai ɗumi, ta sha ta ajiye kofi ta ce sannu da aiki, ta tashi. Wannan sannu da aikin har yau ina jin sa a kunnena. A cikin hayaniyar aka ɗauke min waya. Shi kuma wanda ake yi dominsa tunda ya ga taron ya fasa kuka ya maƙale a bayana, daga ƙarshe ya yi barci, ko yanka kek ɗin bai gani ba. Washegari na same shi yana wasa da kwalin da aka kawo kek ɗin yana ja yana vuum vuum, wai mota, ya fi wata guda yana jan kwalin nan.

Keken ɗinki har yau ban saya ba don kuɗinsa ya ninka. Kuma a gidan surukaina sunana ya koma Mai Bazde.

Ummu Hanifa: Ai matsalar ba ki ba ƙwararru ba ne.

Maman Walid: Ke dai da kin yi shiru.

Abu Tuzuru: Ni shawarata a kai cigiya gidan rediyon Rima. Ana cigiyar wata Bebi, ja da fari, mai kunne ɗaya, ba ta magana, an rabu da ita a hanyar Runjin Sambo, duk wanda ya gan ta ya kai ta gidan mai unguwa mafi kusa 😂

Maman Ilham (Gawon Nama): Kana wasa amma ni na taɓa samun jakata. Masu keke suna da ƙungiya kuma kusan kowace tasha akwai shugabansu, ki koma daidai inda kika hau ki tambaya, sau da yawa masu tsayawa wuri ɗaya sun san juna. Matsalar dai abin yara ne, wataƙila ya kai wa ɗiyarsa. Game da leda kuma dubu 20 ta isa har da canji, ni watan jiya na yi wa yara 30, biskit da alewa da ɗan lemon kwali, dubu 14 na kashe.

Maman Walid: Dubu 14 a wace kasuwar? Lemon kwalin kaɗai na yara 30 ya kusa cinye kuɗin. Sai dai in kafin a cire tallafin mai a 2023 kike magana.

Maman Ilham: Watan jiya na ce. A babbar kasuwa na saya wurin masu sari, katan-katan, ba a shagon unguwa ba.

Maman 'Yan Biyu: Ni nawa biyu na, kuma aji guda suke, yara 34, dubu 27 nik kashe kuma ba lemo ciki, zoɓo niy yi da kaina nis sa robobi. Ban san inda kuka samun wanga sauƙi ba.

Sa'a mai cincin: Ku daina wahalar da kanku da kayan kanti. Fulawa tiya ɗaya da suga da mai ki yi cincin, ki ƙulla a farar leda ki haɗa da alewa bibbiyu, yara 26 ba zai wuce dubu 9 ba, sauran ki je gwanjo. Tedi mai kyau dubu 3 zuwa 4.

Maman Ilham: Dubu 4 kuma? An ce min 8,500 ranar Talata, ƙarami ma.

Sa'a mai cincin: Sun ga kin sauko daga mota ne Hajiya.

Malam Abu Huzaifa: Assalamu alaikum. 'Yar'uwa ina ba ki shawara don Allah, wannan bikin zagayowar haihuwa ba al'adarmu ba ce, kwaikwayo ne, abin da muka sani shi ne suna ranar bakwai. Ki ɗauki kuɗin ki yi abinci ki ba almajirai ko ki kai gidan marayu ki yi wa yarinya addu'a. Ita kuma 'yar tsanar tunda mai siffa ce wataƙila ɓatanta alheri ne.

Maman Ilham: Malam maganar sadaka na yarda da kai. Amma ta 'yar tsana a'a, ya tabbata a hadisi Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW) kuma bai hana ba. Mun karanta a Islamiyya.

Malam Abu Huzaifa: Haka ne, amma malamai sun yi bayani a kan bambancin na tsumma da waɗannan na roba masu ido da gashi.

Maman 'Yan Biyu: To ai ta tsumma tac ce Malam, da kunne guda. Kai ma ba ka karanta ba.

Baban Sadik: Ni dai na faɗa, ku bar yarinya ta saba da rashi, duniya ce.

Maman Walid: Don Allah maza ku bar mana wannan zancen. Wanda bai taɓa yin jijjiga ƙarfe ukun dare ba bai da ta cewa. Shi wancan ma tuzuru ne me ya kawo shi cikin iyaye?

Abu Tuzuru: Kwas nake ɗauka Anti. Kuma ni na rene ƙannena 5, na fi wasu iyayen sanin kashin yara. Bazde kuma mu ba ruwanmu, ni da babana da kawuna duka 1 ga Janairu aka rubuta mana a katin ɗan ƙasa, kek ɗaya ya ishe mu. Innarmu in ka tambaye ta sai ta ce shekarar da aka kashe Sardauna aka haife ta, da sanyi, mu muka lissafa mata 1966.

Hajiya Babba: Kai ɗan nema. Ni ma haka nan ta, Sarkin Musulmi Abubakar na bisa gado anka haihe ni, to shekara 50 yay yi yana sarauta, sai ka zaɓi wadda kaka so.

Maman Sultana: Ni na taɓa sayen sabuwa. Tawa tedi ce ta faɗa rijiya, na zaga har na samu iri ɗaya sak, na ce mata wanka aka yi masa. Ta karɓa ta shinshina ta jefar ta ce wannan ba shi ba ne ƙanensa ne. Sai da na sa shi cikin zanen da nake kwana da shi kwana 3 sannan ta fara ɗauka, amma har yau Ƙane take ce masa, kuma lokaci-lokaci tana zuwa bakin rijiyar ta gaida yayan. Kar ki yi mata ƙarya dai, sun fi mu wayo.

Anti Rabi (malamar nazare): Iyaye bari in faɗa muku a matsayina na mai koyarwa shekara 11, babu makarantar da ta wajabta leda, ku ne kuke gasa da junanku. Yaran nan ko fakitin alewa ɗaya aka raba aka yi musu waƙa sun gode. Mu ma wahala ce, ranar rabo ba a karatu, ga kuka in wani ya ga ledar wani ta fi tasa.

Maman Walid: Anti Rabi da girmanki. Ba ku wajabta ba amma ku ne kuke tambayar yaro a gaban 'yan aji wai yaushe ne naka, ya dawo gida ya hana uwarsa sakat. Kuma tunda kin zo, ki yi mana bayanin kuɗin bikin yaye ɗalibai. Yaron da ban daɗe da yaye shi daga nono ba wai za a yaye shi daga nazare 1 zuwa nazare 2, dubu 12, riga da hula haya, a ƙofa ɗaya zai fita ya shiga ta kusa da ita.

Maman 'Yan Biyu: Mu dubu 18 anka ce muna kowane yaro, ni 36 ke nan, ban da anko na iyaye. Kuma rigar ranar anka amshe ta.

Baban Sadik: Yawwa yanzu kuka zo wurin. Ga kuɗin fatin ƙarshen zango, ga ranar al'ada a ɗinka kayan Fulani, ga littafin da ba a yarda ƙane ya gaji na wansa ba don an rubuta a ciki. Ni bana na ce ba zan biya na yaye ba, sai suka riƙe sakamakon yaron.

Anti Rabi: Wannan ku tambayi masu makaranta, mu albashinmu in na faɗa muku sai kun tausaya. Kuma ranar taron iyaye da malamai mutum nawa ke zuwa? Ku 7 a cikin 200, sai an yanke magana ku zo nan kuna faɗa.

Maman Walid: Ana sa taron ƙarfe 10 na safe ranar aiki, wa zai zo?

Maman Nana: Na gode iyaye Allah ya bar zumunci. Hajiya na gwada ɗankwalin jiya, ta riƙe ta yi barci har ƙarfe 4 sannan ta farka ta goya shi tana neman Bebi ta ba ta nono. Na je tashar da muka hau, wani dattijo ya karɓi lambar babanta ya ce zai tambaya. Har yanzu ban taɓa kuɗin ba. Sa'a a wane layi ne masu tedin dubu 3 ɗin suke, kuma cincin ɗin in na yi ran Laraba zai kai Juma'a bai yi laushi ba?

Baban Sadik: Anti Rabi ba ki ba ni amsa ba, doka ta ba su dama su riƙe sakamakon yaro saboda kuɗin hula?

Ummu Hanifa: Masu bikin yaye ina ɗinka riga da hula na yara, sari da ɗai-ɗai, ku yi min magana ta ciki.