A fasa ƙwan kada a yashi, ko a tare shi a ruwa?

Madugu:
Salamu alaikum 'yan uwa. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen nutso na Jamus sun kusa yanke wa Ingila hanyar abinci a tekun Atlantika. Manya suka rabu: wasu suka ce a yi ruwan bam a inda ake ƙera su, wasu suka ce a ba da jiragen sama su raka ayarin jiragen kaya. Amsa-amonmu "wa" ne.

Bismillahi, Rabbi ka ba ni basira,
In faɗi gaskiya ba tare da karkacewa.
A 1942 teku ya ci jirage,
Fiye da dubu Jamus ta sa su nutsewa.
Alkama da fetur da naman gwangwani,
Da matuƙa matasa, ƙasa suna gangarawa.
Tsakiyar teku akwai wani sarari,
Jirgin sama in ya je ba shi da man dawowa.
Nan Dönitz, shugaban jiragen nutson Jamus, ke girke kyarketansa,
Ayari ya shigo, dare ya yi, sai afkawa.
Ni dai na ce kura garke take nema,
Makiyayi ya tsaya gun shanu, can take zuwa.

Shaho:
Malam Madugu, Allah ya ja kwana,
Ƙanenka ma yana da abin cewa.
Teku ba gona ba ne ka kewaye shi,
Allura cikin ruwa kake lalubawa.
Maƙera kuwa tana nan, ba ta motsi,
Hamburg da Kiel da Bremen ba su iya ɓoyewa.
Wanda ya fasa ƙwan kada a kan yashi
Ya huta kokawa da mai haɗiyewa.
Ko a taron shugabannin Ingila da Amurka a Kasablanka, Janairun 1943,
Wuraren ƙirar aka sa gaba wajen rusawa.

Hajiya Inna:
Shaho ɗana, tunda ka ambaci Janairu,
Zauna ka ji abin da ke sa ni kokawa.
Lorient garin Faransawa ne a gaɓa,
Jamus ta mamaye, ta gina wurin fakewa.
Rufin kankare, kauri ya fi mita 3,
Sanda siminti ke ɗanye ba a damu da taɓawa.
Sai da ya bushe aka zo da wuta da dare,
Janairu har Fabrairu ana ta zubawa.
Makaranta ta tafi, kasuwa ta tafi,
Tsohuwa da ƙunshi a hannu tana waiwayawa.
Ba abokan gaba ba ne, ɗana, ka lura,
Mutanen da aka ce za a zo cetowa.
Gari ya zama toka, Saint-Nazaire ma haka,
Jiragen nutso na cikin rumfa ana ta gyarawa.
Dönitz da bakinsa ya ce ko kare ko kyanwa
Ba su saura ba, rumfunansa kaɗai ke tsayawa.

Shaho:
Hajiya, na rusuna, wannan ya sosa rai,
Sai dai a ba kowa kasonsa wajen rabawa.
Harris, shugaban jiragen bam na Ingila, bai so Lorient ba,
Sojan ruwa ne suka dage da matsawa.

Madugu:
Na karɓi gyara, ƙanena, haka aka yi.
To wa ya rungume jirage yana hanawa?
Liberator, jirgin sama mai dogon zango, ake ta roƙo,
'Yan tsiraru kawai, su bi ayari suna dubawa.
Manyan sojan sama suka ce biranen Jamus tukuna,
Ana ta gardama, mutane suna ta nutsewa.
Blackett masanin kimiyya ya zauna da alƙalami,
Ya nuna jirgi bisa ayari ya fi cetowa.
Maris 1943 ayari biyu suka faɗa tarko,
Jirage sama da 20 aka rasa a kwanakin gwabzawa.
Da aka rufe sararin, aka ƙara 'yan rakiya,
Ga rada, ga cibiyar Bletchley ta Ingila na kwance saƙon sirrin Jamus tana karantawa,
Watan Mayu kaɗai, Jamus ta rasa fiye da jiragen nutso 40,
Har ɗan Dönitz, Peter, yana cikin masu rasuwa.
Ran 24 ga wata uban ya janye garkensa.
Hamburg sai Yuli ta ƙone, ka yi ta lissafawa.
Dubun dubatan rayuka wutar ta lashe,
Alhali a ruwa an riga an yi rinjayewa.

Shaho:
Mayu naka ne, Malam, ba na ja da kai,
Ka bar mini ƙarshen 1944, ba na sakewa.
Jamus ta fito da sabon samfuri, lamba 21,
Mai daɗewa a ƙasan ruwa ba ya fitowa.
Gunduwa-gunduwa ake ƙera shi nesa da gaɓa,
Ta magudanan ruwa ake kai shi wurin haɗawa.
Bam ya fasa magudanar Dortmund zuwa Ems,
Gunduwoyi suka maƙale, ba hanyar wucewa.
Kafin su shiga yaƙi sosai, yaƙin ya ƙare.
Wannan aikin sama ne, ko za ka musawa?

Madugu:
Ba zan musa ba. Magudana ka fasa, ba unguwa ba,
Da haka aka yi tun farko, da ba mu rabuwa.

Jikan Soja:
Iyayena, ku yi haƙuri yaro ya sa baki,
Baitina gurgu ne, ina dai gwadawa.
Kakana daga Ikko aka ɗauke su a jirgi,
Yaƙin Bama za su, Indiya suke dosawa.
Ya ce da dare ko ashana ba a ƙyastawa,
Rigar ceto a wuya suke kwanciya da tasowa.
Bai san Harris ba, bai taɓa jin Lorient ba,
Mutumin Sahel ne, ko iyo bai taɓa koyowa.
Ya ce in ya ji rugugin jirgi a bisa kansu,
Sai ya leƙa ya ga tambarin da ake nunawa.
In na Ingila ne, ya sassauta igiyar rigar,
Ya jawo butarsa, ya yi alwala yana godewa.