Buga rasit daga tsohuwar manhaja ta hanyar PuTTY

Sani_Kanti: Salamu alaikum. Manhajar lissafinmu tana kan sabar Linux, ta PuTTY muke shiga, wato manhajar da ke haɗa kwamfutarmu da sabar. Yaya za a yi rasit ya fito a firintar ofis?

Injiniya_B: Wa alaikumus salam, Malam. A PuTTY shiga Terminal, ka zaɓi firintarka ƙarƙashin Remote-controlled printing. Sai manhajar lissafin ta aiko umarnin ESC[5i (fara bugawa) kafin rubutun, ESC[4i (daina bugawa) bayansa.

Maman_Sabar: Amma fa PuTTY ɗanyen rubutu yake turawa, direba (manhajar da ke sarrafa firinta) ba ya gyara komai. Firinta irin Epson LX-310 za ta buga lafiya. Masu arahar nan na GDI kuwa, waɗanda sai direba ya shirya musu shafi, shiru za ka ji.

Injiniya_B: Gaskiya ne, Hajiya. In mai leza ce da ke jin PCL (wani yaren umarnin firinta), a ƙara lamba 12 ta tsarin haruffan ASCII, wato umarnin fitar da shafi, a ƙarshen rubutun, in ba haka ba shafin ba zai fito ba. Layuka suka sauko kamar matakala? LF (umarnin sauka layi na gaba) ne kaɗai ake aikowa, babu CR (umarnin komawa farkon layi).